Babi na Shida: Mai Gizago Ba Shi da Maroƙi

Turmin da ke tsakar gidanmu ya girme ni, ya kuma riga mahaifiyata zuwa gidan. Na ƙirya ne, ya yi baƙi don tsufa da shan hannu, yana da ɗamara biyu a ƙugu, an kuma zagaye gindinsa da wani ɗan zane mai kama da haƙoran zarto. Zanen nan ba ya ƙara wa fura laushi, ba ya rage wa mai daka gumi. Wanda ya sassaƙa turmin ya riga ya gama aikin da za a biya shi, sai ya ƙara zama ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Da wannan turmi aka kai kakata ɗakin miji daga wani ƙauye da ke yamma da Ƙanƙara. Na taɓa tambayarta wa ya yi shi, ta dube ni kamar na ce ta faɗi wanda ya haƙa kogi. "Masassaƙa mana," in ji ta. Da na tambayi wanda ya yi kiɗan bikin kuwa, ko numfashi ba ta ja ba, ta faɗi sunan makaɗin, da garinsu, da irin rigar da kakana ya tuɓe ya ba shi a bainar jama'a.

Bahaushe ba marowaci ba ne ga masu fasaha, amma kyautarsa murya take bi. Mamman Shata, ɗan Musawa da ya yi zamansa a Funtuwa nan kusa da mu, an ba shi riguna, an ba shi dawakai, an ba shi motoci, Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora masa digirin girmamawa a 1988. Tun 1986 ake musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da jami'ar Sakkwato ke shiryawa, kuma kowa ya san yadda gwamnoni da attajirai ke rige-rigen ba gwarzon shekara mota da kujerar Makka. Marubuta ma suna da nasu rabon. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, ga kuma Hikayata ta BBC Hausa da mata ke fafatawa a cikinta tun 2016. Duk waɗannan sun cancanta. Abin da nake nufi shi ne, mai waƙa in ka ba shi, gobe duniya ta ji sunanka. Mai gizago in ka ba shi, sai ya ce Allah ya saka da alheri, ya duƙa ya ci gaba da aikinsa. Shi ya sa tsakaninmu da shi sai ciniki: nawa, albarka, sallama.

Wani zai ce ai mu ba mu da masu sassaƙa irin na Turawa, tunda addini ya hana gunki, kuma malamai sun yi magana a kan surar abu mai rai. Gaskiya ne ba za ka ga mutum-mutumin sarki a ƙofar fada a Katsina ba. Sai dai ƙasar nan da muke takawa ta san wannan sana'a tun kafin a san sunanmu. A dazuzzukan Katsina da Zamfara da Sakkwato an tono kawunan mutane na gasasshen yumɓu, dangin na Nok da ke kudancin Kaduna, waɗanda shekarunsu suka kai dubu biyu. A shekarun 1990 masu haƙa suka yi wa wuraren rubdugu, musamman wajen Kwatarkwashi da ke kan hanyar Gusau, aka yi ta lodinsu zuwa Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya a shekarar 2000. A can ana kiransu da sunan Katsina da Sakkwato, ana haska su da fitilu a cikin gilashi. A nan yawancinmu ko hotonsu ba mu taɓa gani ba.

Da Musulunci ya kafu, hannun bai mutu ba, wurin aiki ya sauya. Ya koma kan akushi da ƙoshiya, kan sirdi da allo, kan ƙwaryar da ake yi wa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Mafi girma kuma, ya koma bango. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohon zaure a Zariya ko Damagaram ya ga yadda magini ya murɗa laka da yatsunsa ta zama dagi, ta zama takobi, ta zama igiyar da ba a gane farkonta, ya san sassaƙa yake kallo, ko da ba gizago aka sa ba.

Irin waɗannan gwanaye a da ubangida ke riƙe su. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840, da bakan gizo da tulluwar da masana gini ke zuwa aunawa har yau. Sarki ya ɗaukaka shi, zuriyarsa suka gaji sarautar magina, akwai unguwa da sunansa a birnin. Amma akwai labarin da ake bayarwa a baka, cewa da ya je Birnin Gwari, maƙwabtan Sabuwa, ya yi wa sarkin can gini, sai aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani irinsa. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, waɗanda suka riƙe shi suna bayarwa sun san halin kyautar ubangida. Tana da yawa, tana da daɗi, amma wanda ya ba ka yana ganin hannunka nasa ne, kuma ranar da ya faɗi ko ya mutu, kai ma ka shiga rana.

Ladi Kwali ta fi sa'a. Bagwariya ce mai ginin tukwane, kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja, ya tara tukwanenta a fadarsa. Can wani Bature, Michael Cardew, ya gan su, a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da ya buɗe, ta zaga Turai da Amurka tana gina tulu a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ita ce ke bayan takardar naira ashirin tana duƙe kan tukunya. Muna murza ta kullum a hannun mai ƙosai, amma tambayi yara goma sunanta ka ji.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Nijar yake. Yama ƙauye ne na Hausawa manoma a jihar Tawa. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan wani ɗan garin, Falke Barmu, wanda magini ne da rani, manomi da damina. Aikin gayya aka yi. Wasu suka buga tubali, wasu suka kwaɓa ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, wasu suka shiga daji neman itacen rufi, wanda ba shi da ƙarfi ya kawo abin da yake da shi. Abin da aka fara ginawa ba wani abin kallo ba ne, ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai a jere. Bayan shekara goma sha uku rufin ya nemi gyara, kuma a nan ne Falke ya saki hannunsa. Ya sauya rufin ya ɗora shi kan bakuna, ya ta da tulluwa a tsakiya, sannan daga baya ya bi kusurwoyi huɗun ya ta da hasumiya a kowace, aikin da ya kai shi 1982. Babu hasumiyar da ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa tana hawa, da ɗamaru da ƙananan tagogi da zankwaye, kamar mutum ya tsayar da 'ya'yansa huɗu uwa ɗaya uba ɗaya amma kowa da fuskarsa. Ba takardar zane, ba injiniya. A kansa tsarin yake, yana gini yana sake shawara.

A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Aga Khan na huɗu, limamin Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, wanda ya rasu a Fabrairun 2025, shi ya kafa kyautar a 1977 don gine-ginen da ke amfanar al'ummar Musulmi, kuma duk shekara uku ake bayar da ita. A lokacin dala 500,000 ake rabawa tsakanin waɗanda suka yi nasara, yanzu ta kai miliyan ɗaya. Ba kuɗin ne ya fi ba ni sha'awa ba, yadda ake zaɓen ne. Mai kyautar ba shi ke nuna wanda za a ba ba. Akwai alƙalai masu zaman kansu da ake sauyawa kowane zagaye, kuma kafin su yanke hukunci sai an tura masani ya je wurin da ƙafarsa, ya auna, ya ɗauki hoto, ya tambayi masu amfani da ginin, ya rubuto wa ya yi me. Ta haka sunan magini yake shiga takarda tare da na mai zane da na mai kuɗi. Shekara uku kafin Falke, wani magini ɗan Mali, Lasina Minta, ya ci da masallacin Niono. An yi bikin na 1986 a Marrakesh ta Maroko, aka kira sunan manomi daga Yama a jere da na ƙwararrun da suka yi karatu a manyan jami'o'i. Falke bai yi wa Aga Khan kirari ba, ba a kuma nemi ya yi ba.

Amfanin wannan rubuta suna ya fito bayan shekara talatin. A Dandaji, wani gari a jihar ta Tawa, akwai tsohon masallacin ƙasa da Falke ya gina, ya tsufa, jama'a na son sabo. A wurare da yawa abin da ake yi shi ne a rushe a zuba bulo da kwano. Amma Mariam Issoufou, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka ba da shawarar a bar shi a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji. Suka nemo maginan da suka yi aikin farko aka yi gyaran da su, aka kammala a 2018. Da wuya a ɗaga gatari a kan ginin mutumin da duniya ta riga ta san sunansa. Abin dariya, wannan aiki na ƙasa shi ma ya ci kyaututtuka a 2017 da 2018 daga gidauniyar wani babban kamfanin siminti, LafargeHolcim.

A ƙasashen da irin wannan kyauta ta zama al'ada, yawanci wasiyya ce tushenta. A Ostareliya wani attajiri mai suna Richard Wynne ya bar dukiya don a riƙa ba mai zanen shimfiɗar ƙasa ko mai sassaƙa da ya fi kowa a shekara, aka fara a 1897 a birnin Sidni, kuma har yau ana bayarwa. Helen Lempriere mai zane ce da ta rasu a 1991, aka kafa asusu da sunanta daga dukiyar da iyalinta suka bari. Da farko gasa ce mai gwarzo ɗaya, daga baya aka mayar da ita tallafi, ana ba masassaƙa uku dalar Ostareliya 30,000 kowanne don su yi tafiya, su ƙaro ilimi, su sayi kayan aiki, su kuma nuna abin da suka yi a bajekolin da ake yi a bakin tekun Bondi tun 1997. Wadda ta fi burge ni ita ce gasar 'yan asalin ƙasar da ake yi a Darwin tun 1984. A 2005 wasu matan ƙauye daga tsakiyar hamada suka lashe babbar kyautar da mota ƙirar Toyota da suka saƙa da ciyawa, babba har mutum ya shiga. Da na ga hotonta, matan da ke saƙa faifai da kaba a ƙauyukanmu na tuna. Ɗinkin kusan ɗaya ne.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sunanta waƙafi. A tsare uwar dukiya, kada a taɓa ta, a riƙa cin ribarta a kan abin da mai ita ya ambata, a hannun amintattu, ko bayan ransa. Masu halinmu sun san waƙafin rijiya da masallaci da makaranta, Allah ya saka musu. Ban dai taɓa jin wanda ya tsayar da shago biyu a kasuwar Funtuwa ya ce kuɗin hayarsu na gwanin magina ne ko gwanin masassaƙa na shekara ba.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Mutanen da ba sa kwana da ido biyu a rufe, wa ke ta turmi? Ƙanƙara ce garin da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamba, 2020. Faskari da Sabuwa na bakin dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari, kuma ƙauyuka nawa ne suka watse. Amma wannan bala'in shi ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa, domin masassaƙi ɗan daji ne. Ƙirya da kawo da maɗaci, da aduwar da ake allo da ita, da alillibar da ake fafe kalangu, ba a bayan gida suke ba. Da can mutum zai ɗauki gatari da guzuri ya kwana biyu a dajin Kogo, ya kayar da itacen da ya daɗe da sa wa ido, ya rage masa nauyi a can, ya ɗoro a jaki. Yanzu wa zai shiga? A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Dokar tana da dalilinta, amma wanda ke cin abinci da gungume ya ji a jikinsa. Ga injin niƙa ya rage wa turmi aiki, roba ta kori akushi, bulo da kwano sun kori soro. Ƙanƙara na zaune kan farar ƙasa mai kyau da ake haƙa ana lodawa zuwa masana'antu, irin wadda ake yin tangaran da ita, amma tukunyar da ke kasuwa ba ta sauya ba, sai ma raguwa da masu ginata ke yi.

Akwai wani dattijo masassaƙi daga wani ƙauyen Faskari da nake zuwa wurinsa. Shekarun baya ya kwaso iyalinsa suka dawo gari, yana zaune a rumfar buhu a bayan wata tasha. Turmi ya daina. Abin da yake samu rassan darbejiya ne da na mangwaro in an yi wa wani sassabe a gida, da su yake fitar da muciya da maburgi da ƙotar fartanya. Yana riƙe itacen da yatsun ƙafa, gizago na sauka dab da babban yatsansa, ko kallo ba ya yi, yana hira. Ya taɓa cin gasa. Wani ofishi ne ya shirya bajekolin sana'o'in gargajiya, aka ce kowa ya kawo gwanintarsa. Ya yi wata guda yana sassaƙa kujerar mata daga gungume ɗaya, da ƙafafu shida, ba haɗi ba ƙusa. Ya biya kuɗin mota da kansa. Aka ce shi ne na ɗaya, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka miƙa masa takardar yabo a cikin gilashi, aka ce kuɗin za su biyo baya. Kujerar kuma babban baƙo ya yaba, sai aka sa masa ita a mota. Ya yi sawu uku yana bin kuɗin, ya ga na mota ya fi abin da yake bi, ya haƙura.

Saboda haka ba kowace kyauta nake roƙo ba. Wadda za a yi don a ɗauki hoto, ko a ba ɗan wane, ko a raba ta bisa ƙananan hukumomi don kada wani ya yi fushi, gara babu. In za a yi, alƙalan su zama masu sana'ar, sarkin magina da sarkin masassaƙa da tsofaffin da in sun shafa turmi da tafin hannu za su gaya maka ko itacen ya bushe kafin a fafe shi, a haɗa su da malami ɗaya ko biyu daga sashen zane na Zariya. Kuma a je a tarar da gwani a rumfarsa. Wanda ya iya cika takarda da Turanci ya turo ta intanet, da wuya ya zama shi ne mai gizagon.

Na gaya wa dattijon labarin Falke Barmu, da na matan da suka saƙa mota. Ya yi dariya har ya ajiye aiki.

Na ce, "Baba, da a ce wani mai hali zai ware kuɗi ya ce naka ne, me za ka ce a yi maka?"

Ya ce, "Ɗan nan, ka ce ya sawo mini icce. Ƙirya, wadda ta bushe a tsaye. Sannan ya ɗauke mini cefanen wata shida, in yi abin da raina ke so ba abin da kasuwa ke so ba." Ya ɗan yi shiru, ya nuna jikansa da ke zaune kan babur a bakin tasha yana jiran fasinja. "In da saura, a biya wancan abin da yake samu a rana, ya zo ya zauna nan kusa da ni shekara guda. Hannunsa na da kyau. Yunwa ce ta hau da shi mashin."

Ran nan na sayi wata 'yar kujera da ya yi da guntun mangwaro. Na roƙe shi ya sa sunansa a ƙarƙashinta. Ya ce shi bai taɓa jin an yi haka ba, wanda ya san hannunsa ai ya sani. Na nace. Ya aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo garwashi, ya sa wani guntun ƙarfe ya yi ja, ya kifa kujerar a cinyarsa ya rubuta sunansa da ajami, harafi huɗu, hayaƙi na tashi yana kawar da fuska. Da na zo biya ya ce in ƙara naira ɗari biyu, kuɗin garwashin mai shayi.